Tambayoyin da ake yawan yi min kan zuwa birnin Fas na Maroko

Sau biyu na je Fas. Na farko Baba na raka ziyara, kwana uku cur muka yi tsakanin masauki da zawiyyar Shehu Tijjani da shagon masu carbi, muka dawo Kano ina ta cika baki wai na ga Fas. Sai da na koma ni kaɗai na yi kwana takwas sannan na gane ashe wancan karon ko zauren gidan ban wuce ba. Tun daga nan duk wanda zai tafi sai a ce ya kira ni, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda, wanda ya sake tambaya sai in ce je ka karanta.

Wai Fas ɗin nan gari ɗaya ne? Na ji ana cewa tsohuwa da sabuwa

Uku ne a haɗe. Akwai Fasul Bali, wato tsohon birni na cikin ganuwa, shi ne abin da ya kai ka. Akwai Fas Jadid, sunanta sabuwa amma a 1276 aka gina ta, ka ji sabunta. Sai unguwar da Faransawa suka gina bayan 1912, mai manyan tituna da bankuna da tashar jirgin ƙasa, ita kamar Nasarawa ce ko Sabon Gari a wajenmu.

Shi kansa tsohon birnin da can gari biyu ne, kogi ya raba su. Maulaya Idris na ɗaya ya kafa gefe guda a 789, ɗansa Idris na biyu ya kafa ɗaya gefen wajen 809. Mutanen da aka koro daga Kurɗuba ta Andalus suka cika wancan tsallaken, mutanen Ƙairawan ta Tunisiya suka cika wannan, kowa da ganuwarsa da masallacinsa da kasuwarsa, har faɗa suke yi da juna. Sarki Yusuf ɗan Tashfin ne ya rushe katangar tsakani ya haɗe su wajen 1070. Har gobe ana cewa tsallaken Andalus da tsallaken Ƙarawiyyin.

Yaya ake zuwa? Ana buƙatar biza?

Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza, kuma kada ka bari sai tafiya ta matso. 'Yan'uwanmu na Nijar su sun huta, suna cikin ƙasashen da aka ɗauke wa. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasablanka. A ƙarƙashin filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa, ka hau zuwa Casa Voyageurs, ka canja zuwa na Fas, tafiyar awa huɗu ce ko ƙasa kaɗan. Fas ma tana da nata filin jirgin sama, Sayis, kamar kilomita 15 daga gari, in ka samu mai haɗawa. Ni dai jirgin ƙasan na fi so, ka zauna jikin taga kana kallon gonakin zaitun.

Daga tasha ka tari ƙaramar tasi, a Fas jajaye ne, ka ce a kunna mita.

Malam, zan tafi da Hajiyarmu, ƙafarta ba ta da ƙwari sosai. A ina ya kamata mu sauka?

Wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci kuma ita ce mutane ba sa yi sai sun je sun sha wuya. Cikin Fasul Bali mota ba ta shiga. Ko kaɗan. Kaya a kan jaki da alfadari da baro ake ɗauka, kuma garin a cikin kwari yake, daga Ƙofar Bujulud gangara ce har masallacin Ƙarawiyyin, wajen tafiya daɗi, wajen dawowa kuma sai ka ji kamar Dala kake hawa ba ta ƙarewa. Ranar farko da na biyo da Baba ta nan sau huɗu muna tsayawa, har wani mai shagon turare ya miƙo masa kujera da kofin ruwa ba tare da mun roƙa ba.

To dabarar ita ce ku nemi masauki kusa da zawiyya ko kusa da dandalin Rasif, inda tasi ke iya zuwa kuma ƙasa ce ba tudu ba. In za ku yi yawo ku hau tasi zuwa Bujulud, ku gangaro a ƙafa, ku fita ta Rasif. Kada ku juya. Sannan kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tambaya hawa na nawa ne, domin tsofaffin gidajen nan da suka mayar masauki, riyad suke ce musu, matattakalarsu tsukakkiya ce kuma a miƙe, ba ta tsoho ba ce. Ka ce ɗakin ƙasa kake so.

Ina zawiyyar Shehu Tijjani take, kuma yaya ake shiga?

Tana unguwar Bilida, za ka gane ta da hasumiyarta mai koren tayil da ƙofar da ta sha ado. Ba ma sai ka tambaya ba, da sun gan ka baƙi da hula za su fara nuna maka hanya suna "Sidi Ahmad Tijani, Sidi Ahmad Tijani", wasu su gaishe ka da yaren Wolof don sun ɗauka kai ɗan Senegal ne, su ne suka fi yawa a wajen.

Shehu an haife shi a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya tare a Fas a 1798, Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi ya ba shi gida, ya rasu a 1815 aka binne shi a cikin zawiyyar. Ba a biyan kuɗin shiga. Ka cire takalmi ka riƙe abinka a leda, mata da ɓangarensu. Lokacin da wajen ya fi cika shi ne Juma'a bayan la'asar, zikirin Juma'a, in kana son wuri kusa sai ka je da wuri. Ana shimfiɗa farin ƙyalle a yi wazifa yadda ka sani a gida, bambancin kawai na kusa da kai na dama ɗan Mali ne na hagu ɗan Indonesiya. Baba dai kuka ya yi, ni kuma ina riƙe da takalma.

Abu ɗaya: za ka haɗu da masu cewa su sharifai ne jikokin Shehu, a ba su hadiyya su yi maka addu'a. Akwai zuriyar gaske, akwai kuma 'yan neman na shayi. In ka zo da jagoran da ya saba zuwa, bi bayansa kawai.

Ni ba ɗan ɗarika ba ne. Me zan je in yi a Fas?

Kai ne ma za ka fi kowa aiki. Abin da ke ba ni haushi ke nan da mutanenmu, mun mayar da Fas kamar zawiyya ce kaɗai, mai ɗarika ya je ya tsaya nan, wanda ba ya yi ya ce ba ruwansa da garin. Alhali zawiyyar shekararta ɗari biyu da 'yan kai ne, garin kuma ya haura dubu da ɗari biyu, kuma daga ƙofar zawiyyar zuwa Ƙarawiyyin bai fi minti biyar zuwa goma ba.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure yana da dangi a Fas ko bai sani ba. Ajurumar da aka fasa mana kai da ita, mai ita Ibnu Ajurrum ɗan Fas ne, nan ya rasu a 1323. Ibnu Ashir ɗan Fas ne, ya rasu 1631. Dala'ilu a nan Imam Jazuli ya haɗa shi. Ka shiga masallaci bayan magariba ka ji sun yi da'ira suna karanta izu ɗaya da murya guda, da Warshu, irin wanda alaramma ya biya maka. Ka ɗauki Alƙur'anin da ke kan kanta ka buɗe, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, sak rubutun allo. Ranar da na fara ganin haka sai da na yi dariya ni kaɗai, wani dattijo na gefe ya ɗago ya kalle ni, na nuna masa harafin na ce Najeriya, bai gane me nake nufi ba amma ya ce marhaba.

Kuma hanyar ba ɗaya ba ce. Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Fas ya tashi, kuma littafinsa da aka buga a 1550 ya kawo bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Tun lokacin sun san da mu.

Da gaske mace ce ta gina Ƙarawiyyin? Kuma wai ita ce jami'a mafi tsufa a duniya?

Labarin da kowa ya sani shi ne Fatima al-Fihriyya, 'yar wani attajiri da ya yi ƙaura daga Ƙairawan, ta ci gado ta zuba shi a ginin masallacin a 859, shekara ta 245 bayan hijira, kuma ana cewa azumi ta riƙa yi har aka gama. 'Yar'uwarta Maryam ita ma ta gina masallacin Andalus a ɗaya tsallaken. Malaman tarihi suna nuna cewa sai bayan shekara ɗari huɗu da wani abu aka rubuta labarin, wasunsu na ɗari-ɗari da shi. Mutanen Fas dai Ummul Banin suke ce mata, kada ka je kana musu da su a garinsu.

Maganar jami'a kuma, kundin Guinness ya sa ta a matsayin wajen karatu mafi daɗewa da bai taɓa tsayawa ba. Amma kada ka je kana neman get da ofishin shugaban jami'a da ɗakin lacca. Masallaci ne, malami ya zauna kan kujera jikin ginshiƙi ɗalibai su kewaye shi, ya gama da kai ya ba ka ijaza, karatun zaure dai amma babba. Sai a 1963 aka shigar da ita tsarin jami'o'in gwamnati.

Abin da za ka gani yau ba ginin Fatima ba ne, nata ƙarami ne an haɗiye shi a ciki. Hasumiyar ta 956 ce, Abdurrahman na uku sarkin Kurɗuba ya aiko da kuɗin. Babban faɗaɗawar kuma Murabiɗai, gidan sarautar Yusuf ɗan Tashfin, suka yi ta daga wajen 1135, zamanin Ali ɗan Yusuf, har ya kai yana cin mutum kusan 20,000. Abin mamaki shi ne duk girman nan ba ka ganinsa daga waje, gidaje da shaguna sun manne masa ta ko'ina, kana tafe cikin lungu mai duhu alfadari na hura maka hanci a ƙeya sai kawai ka ga wata ƙofa a buɗe, ka leƙa, haske da fari da ruwa na zuba a tsakar gida, jerin bakuna sun tafi har ido ya gaji. Ka ɗaga kai ka kalli fitilun tagulla, babbar ta tsakiya ta 1203 ce, wasu kuma asalinsu ƙararrawar coci ce da aka ciwo a yaƙin Andalus aka mayar da su fitila, in ka duba ƙarƙashi za ka ga siffar.

Ɗakin karatun yana ta wajen dandalin Saffarin. Sarki Abu Inan ya kafa shi a 1349, a ciki akwai Muwaɗɗa da aka rubuta a fatar barewa da kwafin tarihin Ibnu Khaldun da shi da kansa ya bayar waƙafi. An gyara ginin a 2016. Kada ka sa ran za a ɗauko maka su ka taɓa.

Za a bar ni in shiga kuwa?

In kai musulmi ne, eh. Dokar Maroko wanda ba musulmi ba ba ya shiga yawancin masallatai, sai dai ya leƙa daga ƙofa, shi ya sa za ka ga Turawa cirko-cirko a bakin ƙofa da kyamara. Mai gadi zai iya tambayarka "Muslim?", ka yi masa sallama ka ce alhamdulillah ka wuce. Da kaftani da hula ma ba wanda zai tambaye ka. Sai dai masallatan ba a buɗe suke wuni ba, ana buɗewa dab da sallah a rufe bayanta kaɗan. Ka je azahar da wuri, ka yi alwala a tsakar gidan, ruwan sanyi ƙarara, ka samu lokacin kallo kafin a tayar. Kada ka ɗau hoton mutum yana sallah.

Madarasun nan da ake magana, wacce zan shiga in ba zan iya duka ba?

Bu Inaniyya da Aɗɗarin. In ɗaya ce tak, ni Aɗɗarin zan ce, ko da yake yawancin mutane za su ce maka Bu Inaniyya.

Fara da sanin me ake nufi da madarasa a nan: masaukin ɗalibai ne da gwamnati ta gina, ɗaki da burodin kullum kyauta daga waƙafi, yaron ƙauye ya zo ya zauna yana zuwa Ƙarawiyyin ɗaukar karatu. Sarakunan Banu Marin ne suka cika garin da su, ta farko Saffarin a 1271. Su ba sharifai ba ne, makiyaya ne da suka ƙwaci mulki da takobi, to sai suka nemi shiga wajen malamai da gini. Siyasa ce, amma siyasar da ta bar abin kallo.

Bu Inaniyya tana kan babbar hanyar Ɗala'a Kabira kusa da Bujulud, Abu Inan ya gina ta tsakanin 1350 da 1355. Ita babba ce, har Juma'a ake yi a cikinta, da hasumiyarta, da wata 'yar magudanar ruwa da ta ratsa tsakanin tsakar gida da wajen sallah. Ana ba da labari wai da aka kawo masa lissafin abin da aka kashe sai ya jefa takardar a ruwa ya ce abu mai kyau ba ya tsada. Da a zamanin nan ne da tuni an kafa kwamitin bincike.

Aɗɗarin kuma 'yar ƙarama ce, a bakin kasuwar masu turare da kayan yaji, jikin Ƙarawiyyin, an gina ta 1323 zuwa 1325 zamanin Sarki Abu Sa'id. Bangon hawa uku ne na aiki. Daga ƙasa zallij, wato 'yan gutsattsarin tayil masu launi da aka yanka da hannu ɗaya bayan ɗaya aka jera su suka ba da taurari, wasu ba su kai farcen babban yatsa ba. Sama da shi layin rubutu baƙi, sannan farin filasta da aka sassaƙa kamar aikin wuyan babbar riga, can sama kuma katakon arzu da ya yi duhu don tsufa. Ba tazarar tafin hannu da aka bari ba aiki. Sai ka hau sama ka ga ɗakunan ɗaliban, ka sha mamaki: ɗan akurki, bango fari fat, 'yar taga, in ka miƙe ƙafa ka taɓa bango. Na shiga ɗaya na ja ƙofa na zauna kamar minti biyu, sanyi ya fara shiga ƙashina, na tuna a nan wani yake kwana da fitilar mai yana haddace Mukhtasar shekara da shekaru. Daga tagar wani ɗakin ana hango koren rufin Ƙarawiyyin.

Lokacin da na je dirhami 20 ake biya kowacce. Ka je da safe kafin ayarin masu yawon buɗe ido su cika wajen. In da sauran ƙarfi ka tsallaka ka ga Sahrij mai kwatamin ruwa a tsakiya, kusa da masallacin Andalus, can ba cunkoso.

Mene ne wancan ginin mai tagogi da itatuwa a tsaitsaye daura da Bu Inaniyya?

Agogo ne. Darul Magana sunansa, kuma magana a nan agogo take nufi a bakinsu, ba tamu ba. An gama shi a 1357, da ruwa yake aiki, tagogi 12, duk awa taga ɗaya ta buɗe ƙwallon ƙarfe ya faɗo cikin tasar tagulla a ji ƙara, da shi ake sanin lokacin sallah. Ya daɗe da mutuwa. Mutane da yawa suna wucewa ta ƙarƙashinsa ba su ɗaga kai ba.

Ganuwar tana nan ko ta zama irin tamu?

Tana nan, abin da ciwo. Yawancin wadda kake gani Muwahhidai, waɗanda suka ƙwace mulki daga Murabiɗai, suka gina a farkon ƙarni na 13, bayan kakansu Abdulmumin ya rushe ta farko da ya ci garin wajen 1145. Da ƙasa aka yi ta, a zuba cikin katako a daddage, shi ya sa za ka ga ramuka a jere a jikinta, gurbin itacen gini ne, yanzu tsuntsaye sun samu gida. Ƙasa ce dai kamar badala, bambancin su ba su bari an yanka ta fuloti ba, kuma tun 1981 UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya ana ta gyara. Tamu da Sarki Gijimasu ya fara ta ma girme ta. Bari in yi shiru.

Ƙofar Bujulud da kowa ke ɗaukar hoto, shuɗiya ta waje koriya ta ciki, yarinya ce, 1913 Faransawa suka gina ta. In tsofaffi kake so ka je Babul Mahruƙ ko Bab Gisa ko Bab Futuh. Su ba su da kwalliya, kuma tsofaffin ƙofofi a lanƙwashe ake shigarsu don kada doki ya shigo da gudu.

Wajen ganin ganuwar gaba ɗaya shi ne kan tudun kaburburan Banu Marin, ko Burjin Arewa da Sarki Ahmadul Mansur ya gina a 1582, yanzu gidan ajiye makaman tarihi ne. Ka hau dab da magariba ka tsaya. In aka fara kiran sallah daga ɗaruruwan masallatai a cikin kwarin nan lokaci guda, ba ka jin kalma, wani irin gunji kawai ke tasowa. Amma kada ka kai dare a can kai kaɗai, ka sauko da sauran haske.

Hubbaren Maulaya Idris fa?

Yana tsakiyar gari, shi ne mai babban koren rufi mai kusurwa huɗu. Idris na biyu ne a ciki, mahaifinsa yana wani gari daban kusa da Maknas. An ce a 1437 aka sake gano kabarin, ginin yanzu kuma Sarki Maulaya Isma'il ya yi shi a farkon ƙarni na 18. A lungunan da ke kaiwa wajen za ka ga an gitta katako sai ka sunkuya, iyakar hurumi ce, dabba ba ta wucewa. Masu kyandir da turaren wuta da alewa sun cika hanyar. Mata sun fi yawa a ciki.

Ina kaburburan malamai?

Maƙabartar Bab Futuh, tudu guda ne fari fat da kaburbura, can Sidi Ali ɗan Hirzihim yake da Sidi Abdul'aziz Dabbag. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu 1148, yana wajen Babul Mahruƙ. Maƙabartar da faɗi kuma ba alamomi sosai, nan kam ka nemi wanda ya sani ku tafi da safe.

An ce ana ɓata a ciki. Sai na ɗauki ɗan jagora?

Za ka ɓata, ka sa a ranka. Ana cewa lungunan sun kai 9,000, taswirar waya kuma rikicewa take yi don wasu lungunan a rufe suke ta sama. Amma wanda ya iya Kurmi da lungunan Mandawari ba zai yi kuka ba. Manyan hanyoyi biyu ne, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira, gangara tana kai ka Ƙarawiyyin, hawa yana kai ka Bujulud. Ka lura da allunan sunan lungu: mai kusurwa shida ba ya ɓullewa, mai kusurwa huɗu yana ɓullewa. In ka ji an ce "balak!" ka manne da bango, alfadari ne da kaya, ba ya birki.

Ranar farko ɗaukar ɗan jagora mai katin gwamnati a wuya ba laifi, masaukinka za su samo maka, ka gaya masa tun farko masallatai da madarasu kake so ba shagon darduma ba. Matsalar samarin bakin lungu ce. Wani ya tare ni ya ce hanyar gaba a rufe take ana sallah, in biyo shi, ni kuma da sakarci na bi, muka yi ta zagaye ya dire ni shagon fata na wani wai kawunsa, ya kuma ce in ba shi dirhami 100. Na ba shi 20 muka rabu yana ƙunƙuni. Hanyar lafiyarta ƙalau. In za ka yi tambaya ka tambayi mai shago da ke zaune, shi ba inda zai bi ka.

Majemar da ake nunawa a hoto ta cancanci zuwa?

Shuwara sunanta. Tana nan kusa da zawiyya, hancinka zai kai ka. Ana hawa saman shagunan fata a leƙa, su ba ka ganyen na'ana'a ka toshe hanci, Turawa na ta yamutsa fuska. Bakano dai ba zai ga baƙon abu ba, majema ce da karofi a haɗe, su da kashin tattabara suke laushin fatar. Abin dariya ma, fatar jar akuyar Sakkwato da ayari ke ɗauka ta Sahara ita Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. In za ka sayi takalmi ko jaka ka taya kamar kana Kwari, kada ka ji kunya.

Da wane yare zan yi magana? Sallarsu irin tamu ce?

Darija suke yi, Larabci ne da aka cinye wasulansa, ko ka yi digiri a Larabci ranar farko ba za ka tsinci komai ba. Amma in ka yi musu fusha suna ganewa, su amsa maka suna murmushi kamar mai karanta labarai ya shigo shago. Mutanen Nijar da Faransancinsu sun fi mu sakewa. Turanci sai wajen masu sayar wa baƙi kaya.

Sallah Malikiyya ce, liman sallama ɗaya yake yi, wani ya saki hannu wani ya kama, ba mai kallon wani.

Wane lokaci ya fi, kuma abinci fa?

Maris zuwa Mayu, ko Oktoba. Disamba da Janairu sanyi ne da ruwan sama, ba irin hunturunmu busasshe ba, mai jiƙa ƙashi, gidajen kuma an gina su ne don zafi. Yuli da Agusta yakan haura digiri 40.

Abinci ba yaji, ka tafi da naka a gwangwani. Da safe ka nemi bisara, faten wake ne da man zaitun da burodi mai zafi, arha kuma yana riƙe ciki har la'asar. Da yamma harira, miyar tumatir da wake. Juma'a kuskus, kuma yawancin shagunan tsohon gari a rufe suke ranar, kada ka bar tsaraba sai Juma'a. Basɗila kuma naman tattabara ne ko kaza a cikin ɓawon fulawa an barbaɗa sukari da kirfa a kai. Baba ya ɗanɗana ya ture ya ce shi ba a haɗa masa nama da sukari ba. Ni na cinye nawa da nasa.

Mace za ta iya zuwa ba tare da matsala ba?

Ƙungiyoyin mata suna zuwa ziyara kullum. Da hijabi ko mayafi ba mai damunki, sai 'yan kasuwa da nacin tsiya. Bayan isha lungunan ciki suna yin tsit, ku riƙa tafiya ku biyu ko uku, Hajiya, kuma ki bar dogon takalmi a gida, duwatsun suna da santsi.

Kwana nawa ya isa?

In ziyara ce kawai biyu. In kana son abin da na lissafa, huɗu zuwa biyar, ka ware rabin yini na Fas Jadid: ƙofofin tagulla na fadar sarki, daga waje kawai ake kallo, da Mallah unguwar Yahudawa da aka kafa a 1438, da wajen ibadarsu na Ibnu Danan, sai ka huta a lambun Jinan Sabil. Ka riƙe tsabar dirhami, cikin tsohon gari kati ba ya aiki a yawancin wurare.

Caja ta za ta shiga soket ɗinsu? Awa nawa ne tsakaninmu?

Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Nijar, ɗan Najeriya ya sayi adafta tun daga gida. Lokaci kuma ɗaya muke da su, sai a azumi suke mayar da agogo baya da awa ɗaya, in tafiyarka ta faɗo Ramadan ka duba tikitin jirgin ƙasanka sau biyu.